Ciwon Da Ba Ya Jini

A wannan wata na ari filin nan ne domin in yi magana a kan wasu yara da muke kwana muke tashi da su a nan Zongo, muna aikensu kanti, muna yi musu faɗa in sun yi ƙiriniya, alhali ba mu san nauyin da suke ɗauke da shi ba. Ina nufin yaran da idonsu ya ga kisa ko ƙone-ƙone, ko suka yi gudun ceton rai cikin dare, sa'annan Allah ya kawo su cikinmu. Ni ba likita ba ne, malamin lakwal ne, shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli. Abin da zan faɗa daga aji na samo shi, sai kuma ɗan horon da aka ba mu da abin da na karanta.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, yau a ƙasar nan zancen ya juya. Akwai ɗan shekara tara a ajina wanda ya ga abin da ni mai furfura a gemu ban taɓa gani ba, kuma ina roƙon Allah kada ya nuna mini.

Mu mutanen Wagadugu mun fara jin abin a jikinmu ran 15 ga Janairu 2016, lokacin da aka kai hari otal ɗin Splendid da gidan cin abinci na Cappuccino a titin Kwame Nkrumah, mutum 30 suka rasu. Mu malamai kuwa, ranar da ba za mu manta ba ita ce 3 ga Maris 2017, ranar da aka kashe Salifou Badini, shugaban makarantar Kurfayel kusa da Jibo. A watan Afrilu 2019 aka kashe malamai biyar a Maytagu, cikin lardin Kulpelogo. Ran 4 ga Janairu 2020 motar da ta ɗauko 'yan makaranta masu komawa daga hutu ta taka nakiya a kan hanyar Toeni zuwa Tugan, mutum 14 suka rasu, bakwai daga cikinsu ɗalibai ne. Sai Solhan a watan Yuni 2021, inda aka kashe fiye da mutum 130 a dare guda, sai Seytenga a Yuni 2022. Zuwa ƙarshen Maris 2023, hukumar agajin gaggawa ta CONASUR ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu, kuma fiye da rabinsu yara ne. A shekarar 2023 makarantu sama da 6,000 ne suka kasance a rufe, wato kusan ɗaya cikin huɗu na makarantun ƙasa, abin da ya shafi yara fiye da miliyan 1.

Waɗannan lambobi ne a takarda, amma kowace lamba tana da ƙafa, kuma ƙafar tana tafiya. Da yawa sun tsaya Kaya da Dori da Wahiguya da Fada, wasu kuma suka zarce har babban birni. A 2019 mun ga mutanen yankin Silgaji sun sauka a unguwar Pazani. Mu ma nan Zongo, da yake akwai ɓangaren da ba a yanka filaye ba, inda haya ke da sauƙi, mun sami namu rabon, ɗaki ɗaya-ɗaya, gida-gida, ba tare da sansani ko tanti ba. Wannan ya karɓi ɗan ƙanensa, wancan ya karɓi matar wansa da 'ya'yanta. Shi ya sa mutum zai iya ratsa unguwar tun daga farko har ƙarshe bai ga alamar komai ba. Amma ya shigo aji ya zauna mako guda, zai gani.

Bari in ba da misali da yara uku, ba tare da na ambaci suna ba, domin sirrinsu amana ne. Na farko yaro ne da aka kawo mini ajin CE2 daga gabashin ƙasa. Ba ya yarda ya zauna ko'ina sai bakin ƙofa. In babura biyu ko uku suka wuce tare a guje, sai ka neme shi ka rasa, yana ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa. Kowa ya san Wagadugu garin babura ne, to ku auna sau nawa yaron nan ke mutuwa yana tashi a yini guda. Ta biyu yarinya ce mai tsabta da ladabi, rubutunta kamar na inji, amma ta yi wata uku ban ji muryarta ba. Na uku shi ne wanda kowa ke kuka da shi: abu kaɗan sai dambe, ya cije wannan, ya jefi wancan, kuma duk zanen da aka ce ya yi, ko da na kasuwa ne ko na gona, sai ka ga mutane kwance a ƙasa da wasu a tsaye da bindiga.

A idon wanda bai sani ba, na farko matsoraci ne, ta biyu miskila ce, na uku kuwa ɗan banza ne mai taurin kai. Alhali ciwo ɗaya ke damunsu su duka. Masana sun bayyana cewa Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani irin shiri na ko-ta-kwana. In haɗari ya taso, zuciya ta hau bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, jiki ya ɗaure, domin mutum ya gudu ko ya yi faɗa ko ya daskare wuri ɗaya. Wannan rahama ce, ita ta fid da yaran nan daga bakin mutuwa. Matsalar ita ce, ga wasu, bayan haɗari ya wuce jikin ba ya samun labarin cewa ya wuce. Kamar mai gadi ne da aka manta ba a sallame shi ba, gari ya waye yana nan riƙe da sanda. Yaron da jikinsa ke gadi dare da rana ba ya barci sosai, yana mafarkin abin da ya gani, kuma ƙwaƙwalwar da ke sauraren ƙarar babur ba ta da wurin ajiye lissafin sau. Ƙanana kan koma fitsarin kwance bayan sun daina, ko su liƙe wa uwa. 'Yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu kan yi ta kukan ciwon ciki da ciwon kai ba tare da an ga cuta ba. Matasa kuwa kan janye daga mutane, ko su faɗa shaye-shaye, ko su riƙa zancen ramuwa. A farkon 2022 ƙungiyar NRC ta ƙasar Nowe ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa 'yan makaranta a yankunan rikici na Burkina da Mali da Nijar. Fiye da rabinsu sun ce ba sa jin suna cikin aminci a makaranta, kuma wajen shida cikin goma sun ce ba sa iya tattara hankalinsu ga karatu.

Yaron nan na bakin ƙofa, saura ƙiris karatunsa ya ƙare a nan. Wan mahaifinsa ne ke riƙe da shi, dattijo mai sana'ar tsire, mutumin kirki wanda ya raba ɗan abin da yake samu da marayu uku. Wata rana da yamma ya zo ya same ni bayan an tashi, ya ce, "Mushe, na zo in ɗauke maka wahala. Yaron nan kansa ba ya ja. Da dare ihu, da safe fitsari, ga sakamako kullum shi ne na ƙarshe. Gara ya zo ya riƙa hura mini wuta, ko ba komai ya tashi da sana'a."

Na ce, "Baba, sana'a ba abin raini ba ce, amma ka ba ni zuwa hutun ƙarshen shekara. A garinsu yaya karatunsa yake?"

Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Marigayi yakan yi alfahari da shi. Wai shi ke karanta wa mutane takarda."

Na ce, "To ka gani, Baba, kan yana nan. Tsoro ne ya zauna a kansa."

Ya ce an yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi, har an ce iska ce. Na ce masa addu'a ba ta taɓa zama asara ba, a ci gaba da yi, amma wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wurin maɗori. Na roƙe shi abu uku: kada a doke shi saboda fitsari, kada a yi masa dariya a gaban yara, kuma a bar shi ya kwana kusa da babba da 'yar fitila a kunne. Ya ce wannan ai ba kuɗi ba ne, zai yi.

A zamanin da muka yi makarantar horon malamai ƙasa na zaune lafiya, don haka abin da aka koya mana shi ne yadda ake shirya darasi da yadda ake riƙe aji mai yara tamanin. Sai bayan da abin ya faru ne ma'aikatar ilimi, tare da UNICEF da wasu ƙungiyoyi, suka shiga ba malamai horo a kan makaranta mai aminci da kuma tallafa wa yaran da suka firgita. Burkina ta sa hannu a 2017 kan sanarwar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015. Daga cikin abin da aka koya mana akwai taimakon farko na zuciya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011. An gina shi a kan matakai uku masu sauƙi: ka lura, ka saurara, sa'annan ka sada mutum da inda zai sami taimako. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gargaɗin da aka yi mana cewa kada a matsa wa yaro sai ya ba da labarin abin da ya gani. Mu mutane ne masu son jin labari, baƙo na sauka za mu ce, "Yaya aka yi? Su nawa ne? A gabanka aka yi?" Kowace tambaya irin wannan tana mayar da yaro cikin daren nan. In ya so faɗi da kansa, a saurare shi ba tare da salati da kururuwa ba. In bai so ba, a ƙyale shi.

Ga abin da muke yi a ajina, kuma ba ya cin ko dala. Kowace safiya muna farawa da abu iri ɗaya, a lokaci ɗaya: gaisuwa, kiran suna, sai numfashi. Kowa ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska a hankali ta hanci har cikin ya cika kamar tulu, ya sake ta sannu-sannu ta baki, sau biyar. Da farko dariya suka riƙa yi, yanzu in na manta su ke tuna mini. Dogon numfashi yana rage bugun zuciya, wato hanya ce ta gaya wa mai gadin nan cewa gari ya waye. Na daina buga sanda a tebur don neman shiru, sai in ɗaga hannu. In za a yi wani abu sabo, ko baƙo zai zo, ina faɗa musu tun da wuri, domin yaron da duniya ta rushe masa ba zato ba tsammani yana samun natsuwa ne in ya san abin da zai biyo baya. Yaron bakin ƙofa ban tashe shi daga wurinsa ba, sai na naɗa shi mai kula da ƙofa, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Mai dambe na ba shi aikin ɗebo ruwa da share allo, domin jikin da ke tafasa yana bukatar motsi, kuma na bar shi ya yi ta zanensa ban ce masa ya daina ba. Yarinyar kuwa na zaunar da ita kusa da wata mai surutu da kirki, na kuma yarda ta riƙa ba ni amsa a rubuce.

Sannu ba ta hana zuwa. Yaron bakin ƙofa bai koma wurin tsire ba, yanzu yana CM1, yana tsakiyar aji a sakamako, ko da yake har yau in babura suka wuce sai ya ɗaga kai. Mai dambe ya rage, kuma wata rana ya zana mini saniya da ɗan maraƙi, babu kowa kwance. Yarinyar ce abin ya fi ƙarfin aji. Ta fara rama, ba ta cin abinci, sai muka zauna da mahaifiyarta da shugaban makaranta, aka sada su da ma'aikatan jin daɗin jama'a, daga nan aka kai ta ga masana. Tana magana yanzu, kaɗan-kaɗan, da murya ƙasa-ƙasa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so kowane mai karatu ya riƙe. Yawancin yara, in sun sami kwanciyar hankali da babba mai kula da su da abokan wasa, suna farfaɗowa da kansu a hankali. Amma akwai alamun da in an gan su bai kamata a tsaya jira ba: in an wuce wata guda abin na ƙaruwa maimakon raguwa, in yaro ya daina ci ko magana, in yana ji wa kansa ciwo, in yana zancen gara ya mutu, ko in ana zaton an yi masa fyaɗe. A nan sai a nufi asibitin unguwa, wato CSPS, ko ofishin Action Sociale na gunduma, su ne za su nuna hanya. Babban asibitin Yalgado Ouédraogo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin yara na Charles de Gaulle. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba ya nufin mutum ya makance. Akwai kuma lambar waya 116, wadda gwamnati ta buɗe a 2011 domin kai rahoton cin zarafin yara, kuma kyauta ake kiranta. Daɗin daɗawa, da yawa daga yaran nan sun gudo ba takardar haihuwa. A sa su makaranta tukuna, sa'annan a bi hanyar samo takardar da ke maye gurbinta tun kafin su kai CM2, kada jarrabawar CEP ta zo a shiga kame-kame.

Kada kuma mu ɗauka sai wanda ya fito daga daji ne ke da wannan ciwo. Akwai 'ya'yan sojoji da na 'yan sa-kai da ubanninsu suka tafi ba su dawo ba. Akwai yaron da bai taɓa fita Wagadugu ba, amma kowane dare yana kallon ana dukan uwarsa. Akwai kuma wanda mu da kanmu muke firgitawa da wayoyinmu. Sau nawa ake zaune a majalisa ko a tsakar gida, wani ya buɗe hoton gawarwaki da aka turo ta WhatsApp, ana miƙa wa juna, yara na leƙe ta bayan kafaɗa? Wanda ya ga abin da idonsa, ka mayar da shi can. Wanda bai gani ba, ka kai shi.

Abu ɗaya kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne baƙar maganar da ake jifan wasu yara da ita saboda yarensu ko ƙabilarsu. Na taɓa raba faɗa a filin makaranta, da na bincika sai na tarar an kira wani ɗan Fulani da sunan 'yan ta'adda, yaron da su ɗin ne suka raba shi da mahaifinsa da shanunsu. Yaron da ya faɗi maganar shekararsa takwas, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a gida ya ji. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Yaron da aka kora daga garinsu, sa'annan aka ƙi shi a inda ya sauka, ina muke so ya nufa in ya girma?

Mu mutanen zango bai kamata a koya mana wannan ba. Kakanninmu baƙi ne, fatauci ya kawo su ƙasar Mosi, aka ba su wurin sauka. Dattawanmu ba su manta da 2003 ba, lokacin da aka rushe tsohuwar unguwar Zangwettin saboda aikin ZACA, maƙwabtan shekara da shekaru suka watse. Ba mu manta da 1 ga Satumba 2009 ba, ranar da ruwa fiye da milimita 260 ya sauka a birnin nan cikin yini guda, mutum wajen 150,000 abin ya shafa, azuzuwanmu suka zama ɗakunan kwana. Na tuna shekarar nan da ta biye, hadari na haɗuwa sai ka ga yara sun tsure suna kallon rufi. Wanda ya san zafin rasa ɗaki, shi ya fi cancanta ya gane wanda ya rasa gari.

Saboda haka ina kira ga iyaye da masu riƙo, ku sassauta hannu, ku yawaita zama da yaran nan ko da ba za a ce komai ba. Ina kira ga malaman allo, domin yaran da ke wurina da safe su ne a wurinku da yamma, in kun ga mai firgita ko mai yawan shiru, ku ajiye bulala ku kira iyayensa. Ina kira ga limamai su sa wannan magana cikin wa'azi, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takarda goma daga lakwal. Ƙungiyoyin mata masu adashi, ku duba gidajen da aka sauki baƙi, domin uwar da ba ta barci ba za ta iya lallashin ɗan da ba ya barci ba. Samarin unguwa masu ƙwallo da yamma, ku jawo baƙon yaro cikin wasa, ku ba shi riga ko da tsohuwa ce. 'Yan'uwana malamai kuma, mu riƙa zama muna sauke wa juna nauyi, musamman abokan aikinmu da aka dawo da su daga makarantun da aka rufe, domin su ma da abin da suka gani.

Ɗa na kowa ne, in ji magabata. Yaran nan su ne za su riƙe unguwar nan da ƙasar nan nan da shekara ashirin, da abin da muka zuba musu yau. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta. Sai wani watan in Allah ya kai mu.